Hoton Inna a Cikin Akuya

Litinin, bayan la'asar

Yau aka ɗauki hoton cikin Inna. Tun a mota take mitar an hana ta karyawa. Da muka isa aka ce ta cire ɗankwali da 'yan kunne, sai ta dube ni ta ce, "Uwata, wane irin hoto ne wannan da ake tuɓe wa mutum kwalliya kafin a ɗauka?" Har ma'aikaciyar jinya sai da ta dara. Ni ban dara ba, idona na kan allurar da za a ɗura mata ruwan nan mai sa kayan ciki su fito sarai a hoto. Likita ya riga ya gaya mana ƙodarta ba ta son ruwan, sau ɗaya zai yarda a yi, shi ma don dole. Da hoton zai san ko za a yi mata aiki, da inda zai yanka.

Yaya ne ya nace a kawo ta asibitin da nake aiki. "Kina ciki, idonki na kai," in ji shi. Shi Yaya gani yake duk wanda ya rataya katin asibiti a wuya rabin likita ne. Na gaji da gaya masa ni a ƙasan bene nake, ɗakin kwamfutoci, inda babu taga, babu mara lafiya, sai sanyin da ke shiga ƙashi.

Ta fito tana rawar ɗari. Na rufa mata mayafina.

Talata, da hantsi

Inna ta wayi gari da amai. Tun watan jiya Likita ya hana ta gishiri. Ta ɗanɗana miyar da na yi mata ta ture kwanon. "Wannan miya ce ko ruwan wanke hannu?" Na ce umarnin Likita ne. Ta ce to Likita ya zo ya sha abinsa.

A wurin aiki Dogo sai yabon Akuya yake. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Dogo, kuma shi ya raɗa wa kwamfutocinmu huɗu suna: Raƙumi, Jaki, Alfadari, sai ƙaramar da aka kawo bana, Akuya. Jiya da asuba an ɗauke wuta, janareta ya yi nawar tashi, komai ya mutu ya farfaɗo. Wai tun daga nan Akuya ta zama aljana, aikin da Jaki zai yi yana nishi, ita kafin ka kai kofi baki ta gama.

"Malama, ɗaukewar wutar nan ta karɓe ta," in ji shi.

Na ce Allah ya sa ta ɗore. Har daɗi na ji a raina, na ce hoton Inna zai fito da wuri.

Laraba, kafin azahar

Tun da na zauna wayar ɗakinmu ba ta huta ba. Likitoci a sama suna neman hotunan Litinin da Talata. Wasu sun fito, wasu ko sama ko ƙasa.

Bari in rubuta yadda abin yake tafiya, ko zan ga inda ya karkace. Na'urar ɗaukar hoto da ke sama ba hoto take bayarwa ba, ɗanyen abu take turowa ƙasa, tana turowa kuma ta manta da shi. Muna da manhaja mai raba aiki, Dogo ya sa mata Madugu. Madugu zai karɓi ɗanyen, ya duba wace kwamfuta ce ba ta komai, ya ɗora mata. Ita kuma ta haɗa hoton ta ajiye a Rumbu, wato babbar ma'ajiyar da ke kusurwa tana gurnani. A cikin kowace kwamfuta akwai folda mai suna rumbu. Ba folda ba ce ta gaske, ƙofa ce. Ko daga Jaki ka buɗe ta ko daga Raƙumi, wuri ɗaya za ka faɗa, kuma can likitoci suke ɗauka. Ni na kafa ƙofofin nan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa jin nauyin faɗa wa kowa ba. Da kwamfuta ta ce ta gama, sai Madugu ya share ɗanyen, don ba mu da wurin tara shi.

Na duba Madugu. Duk hoton da ya ɓata, Akuya ya ba. Gaban kowanne ga koren tambari, an gama lafiya. Na buɗe Rumbu, babu su.

Sai na yi abin da duk mai irin aikinmu yake yi in kansa ya kulle, na kashe Akuya na kunna. Ta tashi garau. Na shiga foldarta ta rumbu, ga Rumbu nan yadda na san shi, ga hotunan kowa, ban da waɗanda ake nema. Na tura mata aikin gwaji, ya sauka inda ya kamata. Dogo ya ce to ai ta warke. Na ce na ji ta warke, ina abin da ta ci?

Laraba, bayan magariba

Lambar Inna tana cikin hotunan da suka ɓata. Na duba, na sake dubawa, ba ta canza ba.

Alhamis, da safe

Yaya ya kira. "Malama Kwamfuta, ina sakamako?"

Na ce layin ne da tsawo.

"Layi? Ke da layin ke hannunki?"

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba na kashe wayar.

Alhamis, bayan la'asar

Na birkice Rumbu kaf. Na bi ta lamba, na bi ta rana, na bi ta girman fayil. Na buɗo ajiyar ko-ta-kwana da muke yi kullum, duk da na san Rumbu take kwafa, abin da bai shiga Rumbu ba ina za ta gan shi? Na hau sama na roƙi mai kula da na'urar hoto ya duba mini cikinta. Ya duba don kar in ce ya ƙi, amma ni da shi mun san ba ta riƙe komai.

An fara kiran mutane su dawo a sake musu. Na wuce ta gabansu a baranda, suna zaune a jere da robobin ruwa. Wani dattijo na ta faɗa, wai daga nesa ya zo, wai an mayar da shi abin wasa. Yana da gaskiya. Amma wallahi hassadarsa na ji. Shi za a iya sake masa.

Na zauna a matattakalar bene ta baya, inda ake ajiye tsofaffin gadaje, har zuciyata ta rage bugu.

Juma'a, da azahar

Na tare Likita yana fitowa daga zagayen marasa lafiya. Na ce, "Likita, in a ce hoto ya samu matsala, za a iya sake wa Inna?"

Ya tsaya, ya cire tabarau. Ya ji labarin ɓatan hotuna, bai dai san har da ita ba.

"Wanda aka ɗura mata ranar Litinin ma bai gama barin jikinta ba," ya ce. "In na ƙara yanzu ƙodar za ta tsaya, kuma ba lallai ta tashi ba."

Na ce a yi ba tare da ruwan ba. Ya ce abin da yake nema ba ya fitowa sai da shi. Na ce to sai yaushe?

"Sai ƙodar ta huce. Wata biyu, in Allah ya taimaka."

Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai ya mayar da tabarausa. Na san abin da ya haɗiye, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

"Ki nemo mini hoton nan," ya ce. "Ba zan yanka mahaifiyarki a makance ba."

Asabar, da hantsi

Na yi wa Inna wanka. Da can in na zo taimaka mata korata take yi, ta ce ba ta tsufa haka ba. Yau ta miƙo hannu kawai. Awarwaron da ya fi shekara ashirin bai fita ba sai da sabulu, yau da kansa ya zame ya faɗa bokiti. Na ɗauko na mayar mata, mu duka muka yi kamar ba mu gani ba.

Ina shafa mata mai ta ce, "Uwata, har yanzu ba a wanke hoton nan ba? Ko na fito da muni ne kuke ɓoye mini?"

Na ce masu wankin ne ba su da sauri.

"A zamaninmu mai hoto kwana uku yake yi, shi ma muna zaginsa."

Da rana ta sa na kawo mata gwangwanin gishiri, wai ba ci za ta yi ba, kallo kawai. Na ƙi. Ta ce tun ina cikin zani ta san za a yi mugunta a nan.

Lahadi, da yamma

Ban fita ba. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ɗauka maganar hoton ce.

Litinin, kafin azahar

Oga ya kira ni ofishinsa. Shi ne shugaban sashenmu, mutum ne mai sanyin magana, in zai yi maka illa ma a hankali yake yi.

"Wa ya kafa ƙofofin Rumbu?"

"Ni."

"Wa ya kashe Akuya ya kunna kafin a bincika?"

"Ni."

Ya jima yana juya biro. "An ce mini har da mahaifiyarki a ciki. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

In na buɗe baki kuka ne zai fito, ni kuwa ba zan yi kuka gaban Oga ba.

Ya ce ba korata ya yi ba. Amma na sama sun sa ido, kuma ba zai yiwu wadda ta yi saitin, wadda kuma mahaifiyarta ke ciki, ta zama ita ce mai bincike ba. In ba shi makullin ɗakin. In koma sama in riƙa duba firintoci kafin ƙura ta lafa. Na ciro makullin daga zoben makullan gida, farcena har ya karye.

Akuya kuwa an cire ta daga layin Madugu. Litinin mai zuwa mutumin kamfani zai zo ya yi mata aski. Dokar ɗakinmu ce tun kafin in zo: kwamfutar da ta yi ƙarya sau ɗaya, a share duk abin da ke cikinta tas, a zuba sabo. Ni kaina na sha yi, har ina taƙama da saurin hannuna. Me zan ce? Na leƙa cikinta da idona ban ga komai ba.

Talata, bayan azahar

Firintar ɗakin karɓar magani ta cinye takarda. Na ciro. Ta ɗakin haihuwa ba tawada. Na zuba. Kowa sai sannu yake mini da wata irin murya, ashe labari ya zaga.

Duk inda na ga koren abu a fuskar kwamfuta sai gabana ya faɗi. An gama lafiya. An gama lafiya.

Laraba, bayan la'asar

Na gaya wa Yaya. A motarsa, gaban kantin magani, ledar maganin Inna na kan cinyata.

"Yaya, hoton ya ɓata."

"Ya ɓata kamar yaya? Takarda ce da iska za ta kwashe?"

Na fara yi masa bayanin Madugu da Rumbu, ya ɗaga mini hannu. "Bar ni da dabbobinku. A sake mata mana."

Na gaya masa abin da Likita ya ce. Ya kashe motar, duk da ba tafiya muke ba.

"A hannun wa ya ɓata?"

"A hannuna."

Na shirya wa faɗa. Na san Yaya, in ransa ya ɓaci har maƙwabta sai sun ji. Da ya yi mini ihu da na samu sauƙi. Sai ya kifa goshi a kan sitiyari ya ce, "Ni na ce a kai ta asibitinku. Akwai na kusa da gida, na ce a'a, ƙanwata na can."

Mun jima a haka, wani mai babur na ta yi mana oda mu matsa. Da ya ɗago ya ce, "Kar ta ji." Ya tada mota. Har muka isa gida bai kira ni Malama Kwamfuta ba.

Alhamis, da safe

Ƙafafunta sun kumbura. Silifas ɗinta ba ya shiga, nawa ta sa.

Alhamis, da yamma

An ɗebi jininta. Ban tambayi sakamako ba, ba a kuma neme ni ba.

Tsoro nake ji. Na rubuta shi ƙarara ko zai ragu. Tsoro nake ji in ina tafiya, in ina cin abinci, in ina sallah. Jiya a raka'a ta biyu na tsinci kaina ina bin hanyar fayil daga sama zuwa ƙasa, sai da na sake sallar.

Juma'a, da rana

Dogo ya hauro sama ya same ni da shayi a kofin roba. Tun da aka karɓe makullina kullum sai ya zo, wai ɗakin ya yi masa faɗi, Jaki ba ya hira. Yana ta zuba, ni hankalina na kan saƙon Yaya, wai Inna ta ƙi cin komai tun safe.

"Ina shirya Akuya don askin Litinin," in ji Dogo, "sai na ga cikinta ya kusa cika. Na leƙa lungu-lungu ban ga abin da ya cika ta ba. Akuya dai ba ta bar halinta ba."

Na ce uhm. Na sha shayin don kar ya ji ba daɗi, na nemi izini na tafi gida.

Asabar, bayan azahar

Ina tsugune ina wanke zannuwan Inna maganar Dogo ta dawo mini. Cikinta ya kusa cika. Da me? Akuya ba ta ajiye komai a cikinta, wucewa kawai aiki yake yi ta kanta.

Na bar wankin, kumfa har gwiwar hannu, na zauna a bakin rijiya.

Ranar da aka ɗauke wuta komai ya tashi lokaci guda. Rumbu nauyin tashi gare shi, sai ya gama miƙa da hamma. Raƙumi da Jaki da Alfadari tsofaffi ne, kafin su buɗe ido Rumbu ya farka, suka sami ƙofa a buɗe. Akuya sabuwa ce, ita ta riga kowa. Ta ƙwanƙwasa, Rumbu bai amsa ba, ta ci gaba da harkarta. A saitin da na yi ban ce mata ta jira ba. Bai taɓa zuwa mini a rai ba, don kafin a kawo ta babu mai rigan Rumbu tashi.

In kuwa ƙofar ba ta haɗu ba, foldar ba ta ɓacewa. Tana nan da sunanta, sai dai ta zama ɗan ƙaramin ɗaki a cikin ita Akuyar kanta. Nan ta yi ta zuba hotuna kwana biyu tana ce wa Madugu ta kai Rumbu. Shi ya sa take sauri, ba ta zuwa ko'ina. Mu kuma muna tafa mata.

Sai ni, ranar Laraba, na kashe ta na kunna. Ƙofar ta haɗu, ta rufe ɗan ɗakin ruf. Duk wanda ya buɗe foldar yanzu Rumbu zai gani. Ni na rufe su da hannuna, sannan na tsaya a kansu ina nema.

Suna nan. Ina jin suna nan. Kuma jibi za a yi mata aski.

Inna ta ƙwala mini kira daga ɗaki, wai ta ji shiru, ko na faɗa rijiyar ne.

Lahadi, da safe

Wayar Oga a kashe, ya yi tafiya. Ranar hutu makullan ɗakin duka a wurinsa suke kwana, har na Dogo. Na kira Dogo na yi masa bayani, sai da na maimaita don bakina na harɗewa.

Ya ce, "Kai! Malama, wallahi zai iya yiwuwa." Ya ce mutumin kamfani da sassafe yake zuwa, mai gadi ne zai karɓo masa makulli daga gidan Oga. "Amma ki bar ni da shi. Zan ba shi shayi da labari har ya manta abin da ya kawo shi."

Lahadi, bayan la'asar

In babu fa?

Na ɗauka wannan ce tambayar da za ta hana ni sukuni. Sai ga wata ta biyo bayanta, ta fi ta nauyi. In akwai fa? Kwanakin nan duk Akuya nake tsoro, da Oga, da idon Yaya. Na manta hoton ba magani ba ne. Wani abu ne a ciki da Likita yake son gani.

Litinin, da hantsi

Motar haya ta lalace a hanya, na ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu. Na sauka ƙasan bene ina haki. Ƙofar ɗakin a buɗe. Mutumin kamfani na zaune gaban Akuya, ya riga ya soka mata filashinsa na askin, kofin shayi a hannu, Dogo na tsaye a kansa yana ba shi labarin wani kawunsa da ya rasa haƙoran roba a gidan biki. Da ganin fuskar mutumin, labarin ya kai karo na biyu.

Na ce, "Don girman Allah kar ka taɓa ta."

Ya ce, "Hajiya, na duba foldar kafin in fara. Babbar ma'ajiya ce kawai a ciki."

"Na sani. A zare mata waya a sake kunna ta."

Sai ga Oga a bakin ƙofa da jakar tafiyarsa. Ya dube ni, ya dubi inda ƙafata take, cikin ɗakin da ya hana ni shiga. Na yi masa bayani a tsaye, ban san ko ya fito daidai ba. Mutumin kamfani ne ya ajiye kofi ya ce ya taɓa cin karo da irin haka a wani wuri, ba abin da za a rasa in an gwada.

"In ba komai fa?" in ji Oga.

"In ba komai a yi mata askin, a haɗa da ni."

Ya ce ba zan taɓa ba, Dogo ne zai yi. Dogo ya zare filashin, ya durƙusa bayan teburi da tsawonsa duka, ya zare shuɗiyar wayar da ta haɗa Akuya da sauran. Ya kashe ta. Ya kunna.

Kullum ina cewa Akuya sauri gare ta. Yau kam sai na ga kamar ba za ta tashi ba. Na riƙe bayan kujera.

Ta tashi. Dogo ya kai kibiya kan foldar rumbu, ya waiwayo ya dube ni, ya danna.

Suna nan. A jere, na Litinin da na Talata, ba wanda ya yi ciwon kai. Oga ya ce, "Ikon Allah." Idona ya sauka kan lambar Inna tun kafin in neme ta.

Dogo da murnarsa ya kai hannu zai buɗe. Na ce, "Kar ka buɗe!" Da ƙarfi na faɗa, har mutumin kamfani ya zabura. Dogo ya janye hannu a hankali. Ya kwafe su duka a wani filashi ya kai Rumbu, ya kira sama ya ce a gaya wa likitoci.

Na zauna a ƙasa, kan tayil mai sanyi, kusa da Jaki.

Litinin, bayan la'asar

Oga ya ajiye mini makullina a kan teburi ya wuce.

Na gyara saitin. Yanzu ba kwamfutar da za ta karɓi aiki daga Madugu sai ta tabbatar Rumbu ya farka. Ɗan ɗakin da ke bayan kowace ƙofa kuma na kulle shi, ko ƙofar ta faɗi ba mai iya ajiye ko tsinke a ciki, kuka za ta yi mu ji. Na gwada a kan Akuya, na gwada a kan sauran ukun, na zare waya na mayar, na sake zarewa. Dogo ya ce, "Malama, ya isa haka, za ki ɓalle musu kunne."

Aikin bai ɗauke ni komai ba. Na so ya fi haka tsawo. Na goge teburi, na jera wayoyi, na share bayan Rumbu. Babu sauran abin gyarawa.

Likita ya aiko. Gobe da safe, ni da Yaya. Ya ce ba sai an wahalar da Inna ba.

Talata, kafin azahar

Ya rufe ƙofa kafin ya zauna. Ya sa aka ƙaro kujera.

Ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa. Hoton ya fito tas, ba abin da ya ɓoyu, Akuya ta yi aikinta da kyau. Ya ɗauki biro ya nuna da gindinsa. Nan. Da nan. Sai ya gangara ƙasa, da nan ma. Ya faɗi sunan abin. Yaya ya ce, "Na'am?" Ya sake faɗa.

"Ba za mu yi aikin ba," ya ce. "Wahala kawai za mu ƙara mata. Ku bar ta a ɗakinta, cikin 'ya'yanta. Zan ƙara mata maganin ciwo. Duk abin da ranta yake so, ku ba ta."

Yaya ya share fuska da hularsa. Bai dube ni ba ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah. Da an ga hoton nan tun wancan makon fa?"

"Da abin da na gaya muku yau shi zan gaya muku."

A baranda Yaya ya tsaya yana laluben makullin mota, alhali yana hannunsa. Ya ce, "Muje, Malama Kwamfuta." Muryarsa ta karye a tsakiya. A hanya muka yi shawara ba za mu gaya mata yau ba, sai mun samu bakin faɗa.

Talata, bayan magariba

Na dafa mata shinkafa mai laushi da miya. Da na zo sauke tukunyar na tsaya ina kallon gwangwanin da na ɓoye a saman kabad, bayan tsofaffin kofuna. Na taka kujera na sauko da shi. Na zuba yadda take zubawa da can, da yatsu uku, ba awo.

Na tada ta zaune, na jingina ta da filo. Ta karɓi cokali tana shirin mita, har ta tattaro baki. Ta kai na farko.

Ba ta haɗiye da wuri ba. Ta bar shi a baki, idonta a rufe. Da ta buɗe, ni ta kalla, ba kwanon ba. Ta daɗe tana kallona.

"Ashe kin samo hoton," ta ce.

"Na samo, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara awarwaronta da ya zamo, ta tura shi sama.

"To share idonki, kar ki ƙara wa miyar, ya yi daidai haka. Kira yayanki ya zo mu ci tare."

Na kira shi. Ta cinye kwanon tas, ta ce in ƙaro mata kaɗan.